Tiren da Na Binne a Kafin Hausa

Ku zauna tukuna, ku ajiye wayoyin nan. Na san a ciki kuka gani: wata mata ta naɗe nama a fallen fulawa, ta jera a tire, ta kwarara miya, ta barbaɗa cuku, ta tura tanderu, kafin ƙiftawar ido ta fito da shi yana tururi. Shi ya sa kuka zo mini da zancen wai mako guda ya ishe ku koyo. To ni Saude, da kuke kira Inna, a kan abincin nan da ake ce wa ancilada na tsufa. Kafin ɗayarku ta taɓa fulawar nan, sai kun ji yadda na same shi da abin da ya ja mini.

Ni 'yar wani ƙauye ce a ƙasar Buji. Gero da dawa na tashi na sani, sai tuwo da miyar kuka. Aure ya kawo ni Dutse, unguwar Takur, da mai gidana ya rasu ya bar ni da yara sai na shiga neman abin da zan riƙe su da shi. Katangarmu ɗaya da gidan wasu Kiristoci 'yan Filato. Mijin, Baba Danjuma, ma'aikacin gwamnati ne. Matar, Mama Rifkatu, ita ta koya mini sana'a. Tun tana budurwa ta yi wa wasu Turawa girki a Jos, a hannunsu ta ɗauko abincin nan, ta ce asalinsa na wata ƙasa ce mai nisa inda ake cin masara da barkono kamar mu. A gida take yi, masu so su yi waya su aiko a ɗauka.

Aikin da ta fara ba ni wankin tire ne. Ba fulawa, ba nama, ba wuta. Tiren ƙarfe ne masu zurfi, miya da cuku sukan ƙone su manne a kusurwoyinsu. In wanke in kawo, ta sa farce ta kankaro kusurwa, ta nuna mini baƙin da ya fito, ta mayar mini. Ran nan na gaji na ce, "Mama, ai wuta zai koma, wuta za ta cinye dattin." Ta dube ni ta ce, "Saude, wanda zai ci abin nan ba ya nan lokacin da kike wankewa. Amana ya ba ki. Sake wanke shi." Na daɗe a bakin famfo kafin a yarda in riƙe wuƙa.

Fallen shi ne ya fi ba ni wuya, kuma ku ma shi zai ba ku. Fulawa ce da ɗan garin masara da gishiri da mai, a kwaɓa da ruwan ɗumi, a rufe da tsumma mai laima ya huta. Sannan ki gutsura curi-curi, ki murza kowanne da katako har ya yi sirantar da za ki hango inuwar yatsunki ta bayansa. A busasshen kasko ake gasa shi, ba mai ko ɗigo. Da ya kumbura ya yi zane-zane ki juya. Idan kika bar shi ya daɗe, zai bushe ya karye wurin naɗi, naman ya zube. Idan kika yi gaggawar cirewa, zai narke a cikin miya ya koma talge. Nawa na farko awakin unguwa ne suka ci moriyarsu. Mama kan ɗaga wanda na murza ta ce, "Wannan taswirar wace ƙasa ce?" Sai da hannuna ya yi kanta kafin suka fara fitowa a zagaye.

Nama kuwa wurin mutum ɗaya muke saye, Malam Hudu mahauci. Da sanyin safiya nake zuwa, in tsaya ya yanko mini daga cinya, marar kitse da jijiya. Mama ba ta taɓa sayen niƙaƙƙe ba. Muna da injin hannu da ake ɗaurewa a bakin tebur, ni ke juya shi har kafaɗata ta riƙe. A soya naman da albasa da tafarnuwa da kayan ƙamshi har ruwansa ya tsotse, a zuba dafaffen wake kaɗan. Miyar kuma tattasai ne da tumatir da attarugu, a fara gasa su a garwashi har ɓawonsu ya yi baƙi, a ɓare, a niƙa, a soya har mai ya taso. Ni na kawo shawarar a sa 'yar daddawa, Mama ta yi ta faɗa wai zan ɓata abincin mutane, da ta ɗanɗana sai ta sake ɗiba. Tun daga ranar ba a sake yin miya a gidan babu ita ba. Cuku daga Kano ake aiko mana, irin na kanti mai narkewa, domin na Fulani ba ya narkewa, sai dai ya zauna a saman tire yana kallonki.

Ranar da aka fara barina in kunna tanderu, na buɗe gas sannan na tafi neman ashana. Na dawo na durƙusa na ƙyasta. Ban ji komai ba sai fuu, wuta ta fito ta bakin tanderun ta lashe mini gira da gaban gashi, Mama ta fizgo ni ta baya muka faɗi tare. Da ta samu numfashi ta ce, "Ashana a hannu tukuna, sannan gas. Idan kika sake juya su, ba ke kaɗai za ki tafi ba, har da yaranki da ke bayan katangar nan." Ta koya mini shafa ruwan sabulu a bakin tiyo in ga ko zai yi kumfa, da shinshina ɗakin girki kafin in taɓa makunnin lantarki. Tukwanen gas manya muke ajiyewa a lungun ɗakin, har yau kuma ba na wuce tukunyar gas ban saurara ba ko tana huci.

Masu sayenmu iri-iri ne. Matan likitoci da ma'aikatan banki, 'yan mata masu bikin ƙawaye, da mutanen Mama na coci idan suna da taro. Akwai wani Alhaji da bai taɓa iya faɗin sunan abin ba, sai ya yi waya ya ce, "A yi mini shawarmar tire ɗin nan, a cika yaji." Wata kuma kullum sai ta ce a rage miya, in an rage ta dawo da ƙorafin ya bushe. Musulmi da yawa sun fi sakin jiki idan ni na kai musu, su ga hijabina, su ji cewa naman Malam Hudu ne. Mama ta san haka, ba ta taɓa nuna ya dame ta ba. Ita ke tsayawa kan wuta, ni ke fita.

Yanzu ga shekarar da nake so ku ji.

Bazara ce mai tsanani, irin wadda ruwan randa kan yi ɗumi tun hantsi. Wutar lantarki sai ta ga dama, firji ya zama akwati. Wata Hajiya Bilki daga Kafin Hausa ta yi waya, ɗanta ya gama jami'a za ta yi masa walima, ta taɓa cin abincinmu a gidan 'yar uwarta a Dutse, tana so a burge baƙi. Aiki ne babba, mafi girma da muka taɓa samu. Mama ta ce, "Da zafin nan, ga nisa." Amma muka karɓa. Malam Hudu ya yanka saniya da asuba, muka niƙa, muka soya, muka naɗe, muka gasa. Tire ɗaya ya ragu da ba zai shiga mota ba, muka bar shi a gida. Sauran na rufe su da takardar nan mai ƙyalli ta gasa abinci, na naɗe da barguna don su riƙe zafi, muka ɗauki shatar ƙaramar bas, na shiga gaba.

Bayan mun wuce Kiyawa motar ta fara tari, ta mutu a inda ko inuwar kirki babu. Direba ya buɗe inji ya ce sai an kawo wani ƙarfe daga gari. Rana ta take tsaka. Na sauke tiren na kai su gindin wata aduwa mai ganye kaɗan, na zauna ina kallonsu. Ku da ba ku sani ba, abincin nama ba ya tsoron zafi sosai, ba ya tsoron sanyi sosai. Abin da ke kashe shi ɗumi-ɗumin nan ne, lokacin da ya bar zafi bai kai sanyi ba. Ina zaune ina sa hannu ƙarƙashin bargo, ina jin tiren suna hucewa, ba abin da zan iya. Na kira Mama ta ce, "Da kin isa, kar ki bari kowa ya taɓa. Ki shinshina ɗaya bayan ɗaya, ki mayar da su wuta har su tafasa. Wanda zuciyarki ba ta kwanta da shi ba, ki zubar, ko Hajiya za ta yi fushi."

Sai bayan azahar muka isa. Gida ya cika, mata na ta tambaya ina abincin Dutse. Na roƙi garwashi da manyan marufai, na shiga bayan gida, na buɗe tire ɗaya bayan ɗaya. Duk lafiya, sai guda, wanda ya zauna kusa da inji. Ba wari yake ba, amma miyarsa ta ɗan yi kumfa a gefe, na sa a harshe na ji wani tsami da ban sani ba. Na nemi fartanya, na haƙa rami a gindin katanga, na juye shi duka na rufe da ƙasa, don kar yara ko kaji su samu. Wasu mata biyu da ke wanke-wanke suna kallona, ban kula ba. Sauran na ɗora su a garwashi, na rufe, na zuba garwashi a kan marufan, har miya ta riƙa ɓulɓula ta tsakiya. Sannan na bari aka fitar. Aka ci, aka yi ta santi, aka kora da zoɓo da kunun aya da 'yan gidan suka haɗa. Hajiya Bilki ta riƙe hannuna ta ce, "Allah ya yi albarka, kin fitar da ni kunya." Na dawo Dutse da yamma.

Kashegari da hantsi ina murza falle wayata ta yi ƙara. Hajiya ce, muryarta ta canza. "Saude, me kuka sa a abincin nan? Mutane na ta amai da gudawa. Jikata Ummi tana asibiti, an sa mata ruwa, ba ta ko buɗe ido." Katakon ya faɗi daga hannuna. Na ce, "Hajiya, wallahi..." Ta katse ni. "An ce an gan ki kina binne wani abu a bayan gidana. Me kika binne?" Na fara bayani, ta kashe wayar.

Na gaya wa Mama. Ta zauna a kan turmi. Sannan ta ce, "Kin tabbata sun tafasa?" Na ce na tabbata. Amma ina faɗa sai na tuna zaman da tiren suka yi a gindin aduwa, na tuna hanci ba ya jin komai da komai. Yarinyar na gan ta a walimar, 'yar ƙarama da sabon kitso, ta zo ta tsaya kusa da ni tana kallon garwashi, har na gutsura mata da hannuna.

Kafin azahar magana ta riga ta iso Dutse ta waya, ta kuma canza kama. Wani ya naɗi murya ya watsa, wai wata Kirista a Takur ta sa wa Musulmi guba a abinci, wai naman alade ne, wai 'yar aikinta ta binne shaidar a Kafin Hausa. Maƙwabciyarmu ta shigo da gudu ta kunna mana muka ji. Har kwatancen gidan an yi a ciki. Baba Danjuma yana ofis, Mama ta kira shi ta ce kar ya kuskura ya dawo gida.

Bayan la'asar muka fara jin hayaniya daga bakin layi. Na leƙa ta ramin ƙofa. Matasa ne, yawancinsu ban san fuskarsu ba, wasu da sanduna, ɗaya riƙe da galan na fetur. Dutse na farko ya faɗo kan kwano kamar an harba bindiga. Ana ta ihu, "A fito da ita! A fito da arniyar!" Abin da ya faɗo mini a rai tukwanen gas ne. Idan aka jefa wuta ɗakin girkin nan, ba gidan Mama kaɗai zai tashi ba, layin ne gaba ɗaya, da nawa gidan da yarana a ciki. Na ruga na ƙulle kawunansu, na kwance tiyo, na riƙa mirgina su ɗaya-ɗaya zuwa bayan gida, na jiƙa buhuna na lulluɓe su. Ban san inda na samu ƙarfin ba, tukunyar da sai mu biyu muke ɗagawa. Mama tana durƙushe a tsakar gida tana addu'a da yarensu, ni ina ta Innalillahi, ƙofa tana jijjiga.

Na kamo ta na ce, "Mama, taso ki haura katanga ki shiga gidana." Ta girgiza kai. "In suka gane, gidanki za su ƙona. Ke tafi wurin yaranki." Ban tafi ba.

Sai muka ji wata murya ta fi ta kowa. Malam Hudu ne. Labari ya same shi a rumfarsa, ya ajiye wuƙaƙensa can, ya taho hannu wofi da rigar aikinsa duk jini, ya biya ya ɗauko Baba Mai Unguwa. Na ji ya jingina bayansa da ƙofarmu, ya ce, "Wa ya ce alade? Ya fito ya faɗa a gabana! Saniyar nan ni na kayar da ita jiya, ni na yi bismilla na yanka. Kai, Sani, ba a wurina uwarka ta aiko aka sayi nama jiya ba? To saniya ɗaya ce. In alade ne, kai ma ka ci." Wani daga baya ya ce, "To gubar fa? Me aka binne?"

Baba Mai Unguwa ya ƙwanƙwasa ya ce, "Saude, kina ciki? Buɗe, ni ne." Na buɗe kaɗan. Tsoho ne mai sanda, numfashinsa na fita da ƙyar saboda saurin da ya yi. Ya ce, "Faɗa musu abin da kika binne." Na fito bakin ƙofa na ce, "Ranka ya daɗe, tire ɗaya ne ya yi tsami a hanya saboda mota ta lalace. Na binne don kar wani ya ci." Aka yi ihu, wani ya ce ƙarya ne. Sai tsohon ya tambaye ni ko akwai ragowar abincin a gidan. Na ce akwai tire guda da bai samu shiga mota ba, yana cikin firji, mun kwana muna ba shi janareto. Ya ce in ɗumama in kawo.

Gas na riga na kwance, sai a kan garwashin da muka gasa tattasai na ɗora shi. Ina fifita wuta ina jin Malam Hudu a waje yana kiran matasan da sunayen iyayensu ɗaya bayan ɗaya. Da ya yi zafi na fito da shi. Na sa hannu zan fara ci, Baba Mai Unguwa ya riƙe ni ya ce, "Ke ai za a ce kin sha makari." Ya zauna a dakalin ƙofar gida, ya naɗe hannun riga, ya yi bismilla, ya ɗauki naɗi guda ya ci a hankali, cuku yana bin gemunsa. Malam Hudu ya durƙusa ya ɗauki nasa. Ni kuwa ina tsaye ina kallon maƙogwaron tsohon nan yana haɗiya, ina cewa a raina, ya Allah, idan akwai wani abu a naman nan da ban sani ba, na kashe mai unguwarmu a gaban jama'a.

Ya gama, ya sha ruwa, ya ce, "To ga ni nan zaune. Duk mai son ganin mutuwata ya samu wuri ya jira." Wasu suka fara sulalewa. Mai galan ya ɓace tun ban lura ba. Ana haka motar 'yan sanda ta iso, suka watsa sauran, suka ɗauke ni da Mama, wai don tsaron lafiyarmu da kuma bincike.

A can muka kwana, aka sake mu a hannun mai unguwa. Ma'aikatan lafiya suka zo suka duba ɗakin girkin, suka ɗebi abin da za su ɗiba. Aka ce mu jira. Jiran nan ya fi ranar duwatsu wuya. Duk ƙarar waya sai in ɗauka cewa za a yi Ummi ta cika. Nakan tashi in je in tsaya ƙofar gidan Baba Mai Unguwa in tambayi lafiyarsa, har matarsa ta fara yi mini dariya. Sai labari ya zo cewa wani tsoho a unguwar su Hajiya ya rasu. Na zauna a ƙasa. Daga baya aka ce ai shi bai ma je walimar ba.

Daga nan abin ya fara bayyana. Cutar ta ci gaba da kama mutane a unguwar, waɗanda ko ƙamshin abincinmu ba su ji ba, har da gidajen da ba sa shiri da gidan Hajiya. Masu bincike suka bi sawu har zuwa wata rijiya da unguwar ke sha, wadda masai ya tsattsafo cikinta. Da ruwanta aka haɗa zoɓo da kunun ayar walima. Aka rufe rijiyar, aka yi ta sanarwa a tafasa ruwa. Ummi ta farfaɗo, aka sallame ta. Mu kuma aka ce mana ba mu da laifi, mu tafi.

Sai dai muryar da aka watsa ta shiga ko'ina, wankewar da aka yi mana kuwa ba wanda ya naɗa ya watsa. Waya ta daina ƙara. Alhajin shawarmar tire ya daina kira. Matan da nake kai wa abinci har ɗaki suka koma gaishe ni daga nesa. Tiren suka yi tsatsa a kan kanta, cukun da ya rage muka rabar. Da damina ta sauka na kwashi yara muka tafi Buji, na yi wa yayyena noma don mu samu na ci. Da na dawo bayan girbi na tarar Mama ta rame. Ta ce mini tun ranar ba ta iya barci idan yara suka jefa ƙwallo kan kwano. Baba Danjuma ya ajiye aiki, suka haɗa kaya za su koma gida.

Ranar tafiyarsu ta sa aka ɗauko tanderun da injin niƙa da tiren aka tsallaka da su gidana. Na ce, "Mama, me zan yi da su? Ba mai saye." Ta ce, "Ki riƙa kunna shi ko don kar ya lalace." Malam Hudu ya kawo musu kilishi na hanya. Baba Mai Unguwa ya tako da sandarsa har bakin mota ya ce, "Madam, ki yafe mana." Ta ce, "Baba, kai ai ka ci abincina." Motar ta tashi.

Na koma tuyar ƙosai a ƙofar gida. Tanderu yana lungu, nakan kunna shi jefi-jefi in gasa wa yara ɗan abu, in kashe. Haka aka ci sauran shekarar.

Wata safiya bazara ta sake zagayowa, ina kwashe ƙosai, mota ta tsaya a gabana. Hajiya Bilki ta fito, riƙe da hannun yarinya. Na miƙe, mataci a hannuna, ban san ko in gudu ciki ba. Ta gaishe ni, na amsa. Sannan ta ce, "Saude, na zo da kaina ne. Ba ni na naɗi muryar nan ba, amma daga bakina zancen binnewa ya fita. Ina Madam ɗin?" Na ce ta koma garinsu. Hajiya ta sa gefen mayafi ta rufe fuska. Da ta sauke ta ce, "Ummi ce ta dame ni, wai abincin nan mai jan zare take so. Za ki yi mana? A nan za mu zauna mu ci."

Na aika wurin Malam Hudu. Na kankare tsatsar tire guda, na kwaɓa, na murza, na niƙa, na soya, su suna zaune a tabarma a tsakar gidana suna kallon komai. Cuku sai da aka zaga kantunan gari kafin a samo ɗan ƙulli. Da na fito da shi na ajiye a gabansu, kafin in ce a bari ya huce yarinyar ta riga ta kai hannu. Ta ci, ta ƙara, miya har kunne. Maƙwabta suna leƙe ta ƙofa. Kafin mako ya zagayo waya ta fara ƙara.

Da yamma na kira Mama na ba ta labari. Ta ce, "Yarinyar ta yi ƙiba?" Na ce ta yi, har ta shiga makaranta. Ta ce, "To, mun gode Allah." Na ce, "Mama, ki dawo mana, kasuwa za ta buɗe, ga tanderunki yana jiranki." Ta yi 'yar dariya ta ce, "A'a, Saude. Ni yanzu dankali nake nomawa. Na sayar a buhu, kowa ya je ya dafa abinsa."

Ba ta sake taka Dutse ba.